Manyan Kifin da Baba Manu Yake Mayarwa Ruwa

Kun zo kun shimfiɗa mini shi a tabarma kuna jira in ce madalla. Kifin najil ne, na gani, tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsa. Kun ce ba ku fi awa biyu a ruwa ba. To ku juya shi ku danna cikinsa. Wannan taurin da kuka ji ƙwai ne. Ni ba zan ci ba, ku kai wa uwarku. Amma ku dawo ku zauna, tunda a ganinku kamun kifi ba komai ba ne sai mota da akwatin ƙanƙara da zaren roba.

Ni ɗan masunta ne daga ƙasar Yawuri. Na baro gida ina saurayi, na yi shekara uku a hanya, na tsinci auduga a Sudan kafin in sami kwale-kwalen da ya tsallako da mu. Da na sauke farali ban da abin komawa, sai na shiga ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda, ina hawa gidajen mutane da su. A lokacin unguwar Tandabawi a nan Makka bukkoki ne na gwangwani da buhu, yawancinmu Takari, wato baƙi daga ƙasashenmu. Wata rana igiyar garwata ta tsinke a ƙofar wani dattijo, na tsuguna na haɗa ta. Ya tsaya yana kallon hannuna. Da na gama ya ce, "Wannan ƙullin ba na mai ɗaukar ruwa ba ne. Wane gulbi?" Na ce Kwara. Ya ce, "Ni Bakabe ne. Ajiye garwar nan." Shi ne Baba Manu. Ya riga ni zuwa da shekara ashirin da wani abu, kuma shi kaɗai ne Bahaushen da masuntan bakin teku suke yi wa sallama da sunansa.

Makka ba ta da gulbi ba ta da teku, kun sani. Mukan bi raƙuman wani Balaraben ƙauye zuwa gaɓar teku wajen Shu'aiba, tafiyar kwana biyu da ɗoriya. A can Baba Manu yake da rumfa da huri, wato ƙaramin jirgi na gungume guda kamar namu na gida, mutum biyu yake ɗauka. Mukan yi kwana goma ko sha biyu. Abin da aka kama da safe, kafin la'asar an farke shi, an wanke da ruwan teku. Rabi a tsaga a cusa gishiri a shanya, rabi a soya sama-sama a man riɗi a jera a kwandon kaba. Soyayyen shi ake kamawa a kwanakin ƙarshe don ya isa gari bai juya ba. Abin da raƙumi biyu za su ɗauka, shi ne iyakar sunmu. Ko kifi na tsalle cikin jirgi da kansa, in kwanduna sun cika an tashi.

Ranar farko da na shiga hurin na ɗauka na iya. Na saba da ƙugiyoyin mamari da tarun birgi, na kama giwan ruwa tun ban yi gemu ba. Na jefa zare, na ji an ja, na fizga kamar yadda ake yi wa tarwaɗa. Zaren ya dawo ba ƙugiya. Na sake, haka. Sau huɗu. Sai da Baba Manu ya ga na ɗauko ta biyar, sannan ya miƙo mini wata garwar kananzir da aka cire wa gindi aka liƙa gilashi da kwalta. Ya ce in kifa ta a ruwa in leƙa. Na leƙa. Ƙasan ba laka ba ne, duwatsun murjani ne masu kaifi, rami kan rami, kifi na shiga na fita kamar mutane a lungu. Ya ce, "A gulbi kai da kifi kuke kokawa. A nan ku uku ne, har da dutse. In ka bar shi ya juya kai sau ɗaya ya shige gidansa, kai ne ka faɗi." Ƙugiyoyin nan wani maƙeri ne Bahaushe a unguwar Jarwal yake yi masa su, ba a kanti ake saye ba. Na zubar masa da huɗu kafin hantsi.

Shekara guda na yi ina koyon zare kawai. Na auduga ne, mu muke murza shi, mu rina da ɓawon itacen da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri don kada ya ruɓe. Ba mu da dalmar nutsar da ƙugiya. Dutse ake ɗaurewa tare da koto da ɗan gutsattsarin kifi, da ƙullin da ke kwancewa in an girgiza. Dutsen ya kai ƙugiya ƙasa, ka girgiza, ya faɗi, gutsattsarin ya watse, koton ya tsaya yana lilo shi kaɗai. In ƙullin ya yi tauri dutsen ya maƙale, in ya yi sako-sako ya kwance a rabin hanya ƙananan kifi su cinye. Ku dubi yatsan nan. Wannan layin ba tsufa ba ne, zare ne ya ci har ya yi wa kansa hanya.

Sai a shekara ta uku ya kai ni wurin da yake kira Ƙofa. Lokacin sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, wata ya kusa ɓata. Muka yi tuƙi tun asuba har rana ta ɗaga, yana ta waiwayen tudu. Akwai wani dutse mai tsaga a can nesa, da wani tsibirin yashi. In tsagar ta hau kan ƙarshen tsibirin, an iso. Wata kafa ce a jikin murjani inda ruwa ke fita zuwa zurfi, gaba goma sha biyu. Ya ce in leƙa. Wallahi ban ga ƙasa ba. Najil ne ja, masu ɗigon shuɗi, sun kwanta kan juna kamar an jera itace. Kifin da kullum sai ka yi dabara kafin ka fito da guda daga raminsa, ga shi fili ba iyaka.

Na yi sauri na ɗaura dutse. Ya karɓe ƙugiyata, ya ciro zarto ya goge kunnenta har ta zama sumul. Na ce, "Baba, ai zai zame." Ya ce, "Wanda ya zame rabonsa ne." Na farko da na jawo ya kusa kifar da mu. Na kai hannu ga kulki, ya ce, "Kul." Ya jiƙa hannuwansa, bai ɗago kifin cikin jirgi ba, a gefe ya riƙe shi ya zare ƙugiya. Ya tallabe cikinsa yana kai shi gaba yana dawo da shi, har kifin ya buga wutsiya ya nutse. Na ce, "Wannan shi kaɗai ya cika kwando." Ya ce, "Ka auna da hannunka. Kamu ɗaya da taƙi. Abin da ya wuce haka a wurin nan, a kwanakin nan, ba namu ba ne. Haihuwa suka zo yi. Babbar guda ƙwanta ya fi na ƙanana goma, kuma kafin ta kai haka ta fi shekarun da ka yi a Makka. Duk najil ɗin da muke kamawa a sauran wata goma sha ɗaya, daga ƙofar nan ya fito." Kwana uku muka yi, muna ɗaukar matsakaita muna sakin manya. Ya koya mini in jawo a hankali don kada iska ta kumbura musu ciki su kasa nutsewa, in kuma na ga inuwar ƙirshi, kifin nan mai cin mutum, mu naɗe zare mu matsa, don kada mu sakar masa su a baki. Da za mu tafi ya ce, "Wani tsoho Bajuhaine, Balaraben gaɓar nan, ya nuna mini, ni kuma na nuna maka. Mu biyu ke nan a raye." Bai sa ni rantsuwa ba.

A gari kuwa mata ne da sayarwa. Baba Manu ya aura mini Hajara, 'yar ƙanwar matarsa, ita ke sake soya kifin ta barbaɗa yaji da kamun, ƙwayar ƙamshin nan ta Larabawa, ta zauna da faranti a bakin hanya. Masu sayenmu iri-iri ne. Mutanen Jawa suna son mai gishiri, su ɗaga su shinshina su yi ta ciniki. Kukun gidajen masu ɗawafi da alhazai yakan zo ya ce najil yake so, babba, don maigidansa zai yi baƙi. Hajara ta ce babu, sai matsakaici. Ya ce, "Ku Takari ba ku iya kama babba ba." Ta dawo gida ta faɗa mini, in haɗiye.

Shekarar da yaƙin Turawa ya hana jiragen alhazai zuwa, ita ce shekarar da ba na son tunawa. Gari ya mutu. Masu gidajen haya, masu raƙuma, masu ɗaukar kaya, kowa ya zauna. Shinkafa ta ɓace, gero ya zama abin nema. A unguwarmu an yi jana'izar yara har mun daina tambayar na wane ne. Hajara na goyon Musa, babanku, nononta ya ƙafe. Kifinmu babu mai saye da kuɗi, sai musaya, mudun dawa ko dabino, kuma mai babban kifi shi ke samun mai yawa. A haka lokacin Ƙofa ya zo.

Na jawo wata uwa wadda ban taɓa ganin irinta ba. Baba Manu ya jiƙa hannu. Na riƙe zaren na ƙi saki. Na ce, "Baba, wannan ba za ta koma ba." Ya ce, "Auna." Na ce, "Ba na aunawa. Ɗana na tsotsar tsumma a gida, kai kana tausayin kifi. Wane littafi ne ya haramta?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Babu littafin da ya haramta. Halal ce. Kuma yunwa tana da haƙƙi. Ɗauki wannan don gidanka, mu ɗauki guda don gidana, guda don gidan marayun Malam Isa. Ta huɗu kuwa, in ka buga mata kulki, ka nemi wani jirgin." Uku muka ɗauka. Na saki goma sha wani abu da hannuna a tafiyar nan ina zagi a zuci. Ƙwan ukun muka shanya da gishiri, Hajara ta riƙa dama shi cikin kunu. Musa ya rayu. 'Yar maƙwabcinmu ba ta rayu ba, kuma har yau ban san ko kifi na huɗu zai tsayar da ita ba. Baba Manu ma bai sani ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Ban sani ba, Garba."

Bayan yaƙi abubuwa suka canja da sauri. Aka shimfiɗa hanya, lori ya maye gurbin raƙumi, aka fara yin ƙanƙara a Jidda. Ɗanyen kifi ya shigo Makka, idonsa garau, mutane suka daina kallon farantin Hajara. Idon Baba Manu kuma ya yi yana, ya daina fita. Ni kaɗai nake zuwa da wanda na samu, ina dawowa da soyayyen kifin da ba a so.

A nan ne wani dillalin kifi, Abu Hashim, ya aiko a kira ni. Yana da lori da jirgi mai inji, ba shi da wanda ya san ruwa. Ya zaunar da ni a kan kujera, ya zuba mini shayi da hannunsa. Shekara goma sha biyar ina garin nan, ba a taɓa yi mini haka a kasuwa ba. Ya ce, "Ya Abu Musa, kowa ya san kai da tsohonka kuna dawowa da najil a lokacin da wasu ke dawowa da ƙananan kifin sha'ur. Zo ka zama rayyis, shugaban jirgi. Mutum goma a ƙarƙashinka." Na ce da sharaɗi, abin da ya wuce kamu da taƙi a watan ƙwai za a sake shi. Ya yi dariya ya dafa ƙirji. "Ala rasi, na ɗauka a kaina. Jirgi naka ne, yadda ka ce haka za a yi."

Hajara ta ce, "Malam, ka gaya wa Baba?" Na ce zan gaya masa. Ban gaya masa ba. Ba yunwa ce ta kai ni ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. A lokacin muna ci sau biyu. Na gaji da a ce Takari ba su iya kama babba ba, kuma ina son a kira ni rayyis.

Tafiyar da muke yi tun asuba har hantsi, inji ya yi ta kafin shayi ya huce. Na daidaita tsagar dutse da tsibiri a gaban mutum goma, kowa na kallon inda nake kallo. Na ba su zarto su goge kunnen ƙugiya, suka dube ni kamar na zautu. Zare goma ya sauka lokaci guda. Na farko da ya fito babba na ce a saki, aka saki. Na biyu ma. Na uku wani Bayamane ya buga masa kulki kafin in buɗe baki, ya ce, "Ya rayyis, da awo ake sallamarmu, kai ka saki naka." Daga nan ban sake iya tsayar da kowa ba. Ina ihu a gaba ana bugu a baya. Kafin azahar ramin ƙanƙara ya cika, ana tattaka kifi, ƙwai ya malale a katako har santsi yake yi. Da na kai ƙara wurin Abu Hashim ya ce, "Ma'alesh, ba komai, teku ce, ba ta ƙarewa." Ya sa aka ɗora mafi girma a kan teburin gaba a kasuwa, mutane suka taru suna kallo. Aka nuna ni aka ce ga rayyis ɗin. Na ji daɗi. Ina gaya muku ne don ku sani, na ji daɗi ran nan.

Na ɗauki guda na kai gidan Baba Manu. Yana zaune a inuwa, na gaishe shi na ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu ya shafa daga kai, yana tafiya da tafinsa, bai kai wutsiya ba sai da ya miƙe gwiwar hannu. Ya dawo ya danna cikin. Sanyin ƙanƙara na jikinsa.

Ya ce, "Mutum nawa?"

Na ce, "Goma."

"Sun ga dutsen?"

Na ce sun gani.

Ya goge hannunsa a riga ya kira matarsa. "Ba Garba kifinsa, ya manta shi a nan."

Shekara ta biyu jirgi huɗu na tarar a Ƙofa, don mutum goma ba sa riƙe magana. Ta uku sun fi haka, har da masu taru, da wasu da suka kwana bakwai a wurin lori na jiransu a gaɓa. Ta huɗu na kifa garwa na leƙa, na ga yashi fari tas da 'yan kifi guda-guda suna yawo. Ba Ƙofa kaɗai ba. Duk ramukan da muke samun matsakaita a sauran watanni suka yi shiru, shekara bayan shekara. Masu huri na gaɓar, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, su ne suka fara watsewa, wasu suka koma leburanci a Jidda. Abu Hashim ya tura jirginsa kudu wajen Lis, ya ɗauki rayyis ɗan can. Ni ko sallama bai yi mini ba, a bakin direbansa na ji. Na ƙare ina fere kifin wasu a kasuwa, da wuƙar da Baba Manu ya ba ni.

Duk tsawon nan bai hana ni shiga gidansa ba. Ina gaishe shi yana amsawa, ya tambayi Hajara da yara, amma bai sake yi mini maganar ruwa ba. Da ciwonsa ya yi tsanani aka aiko mini da hantsi na je. Ya rame har ana ganin ƙashin kafaɗa. Ya ce kowa ya fita. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Abin da ka yi mini na yafe tun tuni. Na masu hurin da suka tashi, su za ka nema." Ya huta kaɗan. "Akwai wata ƙofar, Garba. Ta fi waccan. Bajuhainen nan biyu ya nuna mini. Na so in kai ka in ka cika shekara goma kana saki."

Na yi shiru ina jira. Ni da na zo neman gafara, kunnena ya miƙe.

Ya ji shirun. Ya ɗan murmusa ya ce, "Ka gani? Da ita za a kai ni maƙabartar Ma'ala." Ya juya fuska bango. Bayan kwana biyu muka kai shi.

Shekara biyu na yi ina nemanta. Duk watan ƙwai in ari huri in bi murjani kudu da arewa da garwata, ina leƙa kowace kafa. Ina gaya wa Hajara so nake in gani kawai in tabbatar suna nan. Ita ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba. Ban same ta ba, kuma daga baya na sayar da garwar na daina tambayar masunta. In tana nan har yanzu, to don babu wanda ya sani ne, har ni.